Kofin Kunun Baba

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Baba bai farka ba har yau. Likitan asibitin Sakkwato yac ce shanyewar jikin ta taɓa ƙwaƙwalwa, amma wankin ƙoda na riƙe da shi. In an bari, ba zai jima ba. Yaya Shafi'u shina son a bari a mai da shi gida Wurno. Yaya Mas'uda ta taho daga Goronyo, tac ce sai dai a bi ta kan gawarta.

Laraba, 8 ga Mayu
Ta kai ƙara kotun shari'a. Ƙarar ɗan uwanta, uwa ɗaya uba ɗaya! Inna ko abinci ta ƙi ci.

Asabar, 11 ga Mayu
Kowa da Baban da ya sani. Yaya Shafi'u ya rantse Baba ya ce mishi a gonar albasa, "In na kwanta kada ku bari a rataye ni ga inji, ku kai ni kusa da kabarin uwata." Yaya Mas'uda ta rantse ya ce mata, "Ɗiyata, kada ki gaji da ni." Ban ga alamar ƙarya a fuskar kowa ba.
Ni kaɗai ce a ɗakin ranar da yay yi maganar ƙarshe. An dawo da shi daga wanki, ina ba shi kunu, ina lallashi nai wai jibi ma sai mu koma. Ya ture kofin yac ce, "Raihana, ya isa." Kunun? Wankin? Wallahi a lokacin kunun na ɗauka.

Talata, 14 ga Mayu
Ashe na faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa Yaya Shafi'u. An sa ni cikin shaidu.
Yaya Mas'uda ta kama hannuna bayan ɗakin girki: "Ke auta, mutum na ture kofi in ya ƙoshi. Mi za ki ƙara a kai?"

Alhamis, 16 ga Mayu
Na tai garin Rara wurin Kawu Halliru, ƙanen Inna, ko zai warware mini. Yac ce rai na Allah ne, ba a yanke shi. Can kuma yac ce barin maganin da ba ya warkarwa ba kisa ba ne. Na dawo, kaina ya ƙara nauyi.

Talata, 21 ga Mayu
Kotu. Aka kira ni, na miƙe. Alƙali yac ce in faɗi abin da na ji, na faɗa.
"Mi kika fahimta?"
"Allah ya gafarta Malam, ranar kunu na fahimta. Yau ban sani ba."
"Ina yake kallo da yana maganar?"
Na rufe ido, na nemi fuskar Baba. Wani lokaci kofin yake kallo, wani lokaci bututun da ke wuyansa. Nac ce ban iya rantsuwa.
Alƙali yac ce ba a gina hukunci kan shakka. A ci gaba da wanki har likitoci su kawo bayani.
A waje Yaya Shafi'u bai yi faɗa ba. Cewa kawai yay yi, "Kin bar shi can." Yaya Mas'uda ta rungume ni, ni kuwa na ji kamar in ture ta.

Lahadi, 26 ga Mayu
Na wuni asibiti. Na yanke wa Baba farce, na shafa mishi mai a ƙafa. Ya rame ƙwarai. Yaya Mas'uda na gefe tana tasbihi, ba mu cika magana ba.
Bayan la'asar na ɗaga hannu. Kullum cewa nike Allah ya tashi kafaɗun Baba. Yau sai na ji bakina na cewa Allah ya sawwaƙe mishi. Gajiya ce, ina jin.
Yaya ta ji ni. Ta dakatar da tasbihi, sannan tac ce amin.