Abin da ya sa muka kafa ƙungiyar

Yaya Magagi,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ina Habsatu da yara? Allah ya sa geron bana ya yi kyau. Ni lafiya lau nake a nan ƙetaren hamada, dukan da muka sha wajen zanga-zanga ma bai kai yadda ake faɗa ba.

Na ji kana zama kasuwar Filinge kana cewa na shiga ƙungiyar ƴan fitina. Tunda ba ka tambaye ni ba, saurara. Abdulgafar na Bonkuku, abokin aikina wajen gini, ya faɗo daga bene. Da muka kai shi asibiti, mai gadi ya ce, "Baƙaƙe su jira waje." A bakin ƙofar ya cika, kansa bisa cinyata. Ranar da muka rufe shi muka kafa ƙungiyar, mu tara. Duk wanda aka wulaƙanta saboda fatarsa, mukan samo masa aboka, wato lauya, ya shigar da ƙara.

Ka daina tsorata Inna. Matar marigayin tana Bonkuku. In ka isa, je ka gaya mata fitina muke yi.

Ƙanenka,
Isufu