Ƙwaron da Ke Zama a Gurbin Harshe

Zuwa ga Dakta Haruna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Dakta na rubuta don haka na ji ana kiranka yanzu, ko da yake bakina bai saba ba.

Littafinka ya iso Madina. Ƙanenka ya kawo mini har shagon kifi a unguwar Sultana, na goge hannu a riga kafin in karɓa. Turancin ban iya ba, amma hotunan na gane su kaf. Ga kwarkwatar nan da ke cikin bakin kifin sha'ur, fara mai ƙafafu kamar ƙugiya, mai cinye harshen kifi ta zauna a gurbinsa.

Wa ya fara buɗe maka bakin kifi a kasuwar Yanbu? Kai a lokacin ƙyama kake yi. Ni na nuna maka babbar ita ce macen, ƙaramin da ke laɓe bayanta shi ne mijin. Kwarkwatar teku nake ce musu, kana dariya.

Ranar da masu bincike suka zo neman wanda ya san ƙwarin nan, na hango farar mota da mutane riƙe da takardu. Iƙamata, takardar zama, ta mutu, na ɗauka jami'an jawazat ne masu kamen baƙi, na shige ɗakin ƙanƙara na yi tsit. Kai haifaffen ƙasa, me za ka gudar wa? Ka tsaya, ka amsa musu da abin da na koya maka, suka tafi da kai.

Ba zan ɓoye ba, ina ƙyashi. Duk sanda na tarar da ita zaune a bakin kifi, kai nake gani. Na sa an duba mini littafin shafi-shafi ko sunana na ciki. Babu. Amma ba kai ka tura ni ɗakin ƙanƙara ba, kuma karatun da ka sha, ni da tuni na gudu.

Ka aiko in tara maka wasu, na ce atafau ba zan tara ba. Sai jiya na ci karo da wata mai jan ɗigo a baya, babu ita a hotunanka. Na ɗaga zan jefar, hannu ya ƙi. Duk ƙasar nan wa zan nuna wa ya gane, in ba kai ba, Haruna? Tana cikin kwalba, direban kifi zai miƙa maka.

In ka tashi raɗa mata suna, Isuhu ake rubutawa, ba Yusuf na iƙama ba.

Allah ya ƙara maka ɗaukaka, ni kuma ya cire mini abin da ya zauna a ƙirjina.

Naka tun na Yanbu,
Isuhu mai kifi