Fitilun Murjanin Baba

Shimoni

Yaya Kibwana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan aikin jirgin ruwa yana sauƙi. Jikin Baba yana nan yadda ka bari: ɓarin hagu bai dawo ba, abinci sai an yi ta lallami. Mutumin da ya tsufa yana nutso a tekun Wasini yau bango kawai yake kallo.

Shi ya sa na sa masa tankin gilashi cike da ruwan teku a ɗaki. Matan ƙungiyar da ke renon murjani sun ba ni rassa masu rai daga gonarsu ta ƙarƙashin teku, suka ce in murjanin bai samu haske mai ƙarfi ba, zai koɗe ya mutu. Na sayo ƙwayayen fitilar LED a Mombasa, na jera su layi huɗu, na haɗa layukan duka a kan na'urar ba da wuta guda. Ɗakin ya yi kyau har Mama ta yi guɗa. Ba a jima ba layi ɗaya ya mutu, sauran suka yi haske kamar walƙiya, sai ƙauri. Duk sun ƙone. Kai ne mai aikin lantarki, ka gaya mini abin da na ɓata.

Ƙanwarka,
Mishi

Beira

Mishi,

Na samu saƙonki, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Gyaran wayar salula da kike yi daban, wannan daban. Na'urar nan wuta iri ɗaya take turowa kullum, ba ruwanta da layi nawa ya rage. Da ɗaya ya mutu, rabonsa ya koma kan ukun, suka yi zafi suka bi shi. Kowane layi yana son fis nasa mai tsinkewa in wuta ta yi yawa, da ɗan abin rage wuta, kuma ƙwayayen su zama iri ɗaya, yawansu ɗaya.

Amma ki ajiye dalmar liƙa wayoyin nan. Ruwan gishiri da lantarki a ɗakin mara lafiya? Ki mayar wa matan kayansu, in na sauka bayan azumi zan yi da kaina. Ki gaida Mama.

Yayanki,
Kibwana

Shimoni

Yaya,

Bayan gaisuwa, ban mayar ba. Murjanin ya riga ya fara fari a baki-baki, ba zai kai azumi ba. Na bi abin da ka ce, na ƙara da nawa. Na jera sababbin ƙwayaye, na ɗora layukan duka a faranti guda na alminiyam don zafinsu ya zama ɗaya, na sa fanka, na rufe da gilashi, na kai soket can sama nesa da ruwa. Na auna kowane layi da mita, ɗaya yana cin wuta fiye da 'yan'uwansa, na sauke shi na sake. Sannan na cire waya ɗaya da gangan in ga abin da zai faru. Fis ya tsinke, ƙwai ko ɗaya bai ƙone ba. Yatsuna biyu dai sun sha dalma.

Da na kunna, Baba ya daɗe yana kallo. Ina shirin fita da kwanon shinkafar kwakwa da bai taɓa ba sai na ji muryarsa.

"Wannan hasken kanti ne. Ƙarƙashin ruwa ya fi haka shuɗi."

Yaya, ka san rabonsa da magana mai tsawo haka. Na ce to malamin teku, sai ka nuna mini. Na yi ta canza fararen ƙwayaye da shuɗɗa yana girgiza kai, har ya ɗaga hannun dama ya ce in tsaya nan, haka ƙarƙashin ruwan Kisite, wurin nutsonsa, yake da hantsi. Ya ce in mayar masa da kwanon.

Launin murjanin yana dawowa. In ka zo ka duba aikin, amma ka zo da ladabi.

Taka,
Mishi

Shimoni

Kibwana ɗana,

Ina gaishe ka. Mishi ce ke rubutawa, bakina ne. Jiya na sa an kira Mzee Shee da sauran abokan nutsona, muka sha gahawa a gaban tankin. Shee ya tambaya wane Bature ne ya haɗa fitilun. Na nuna masa Mishi da hannuna mai lafiya.

Ka taho mini da tabarau. Akwai wani sabon reshe da ke fitowa a bayan dutsen, ina so in gan shi da kyau.

Allah ya dawo da kai lafiya.

Mahaifinka,
Fumo