Da'irar Malam Garba

Faskari, daren Alhamis, 1977

Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa. Takardar tayin aiki daga wani kamfani na Kaduna tana ƙarƙashin matashina, suna son amsa kafin Asabar. Kowa cewa yake in ajiye alli in tafi, wai kuɗin fetur ya zo, wa ke zama koyarwa?

Yau na sha wuya da 'yan aji shida a kan tambayoyin Turanci. Na cika allo da rubutu, yara sai ido. Da na rasa dabara, na fitar da su waje na jera su, yadda marigayi Malam Garba yake jera mu a gindin kuka a Pauwa. Kowane yaro kalma ɗaya ne a cikin jimla. Wanda ya zama kalmar tambaya sai ya ruga gaban layi. In kuwa akwai wata tambaya a cikin tambayar, Malam sai ya zana da'ira da sandarsa ya kewaye 'yan ciki, ba mai tsallakowa.

Ni kullum sai na yi tsalle zan fita daga da'irar, shi kuma ya cafko wuyan rigata: "Kai, ina za ka? Turanci bai yarda ba. Na ciki, ciki yake zama."

Yau Binta, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ita ta riƙo ƙawarta da za ta tsallake da'irar da na zana, tana cewa, "Malam, wannan ta ciki ce!"

Allah ya jiƙan Malam. Sau uku ina ɗaukar biro in rubuta wa kamfani na amince, sau uku ina jin hannun nan a wuyan rigata.