Hanyar da Na Tsara wa Masu Keke

Bebeji, Jihar Kano.

Zuwa ga Gwaggona Safara'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Baba Labaran da yara. Allah Ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, Ya sa ruwan Fatakwal bai sake tayar da ita ba. Mu nan kowa lafiya, alhamdu lillahi. Baba ya gama cire masara, shinkafa ce ta rage a fadama. Umma ta ce in gaya miki atamfar ta iso, har ta kai ɗinki. Ni kuma ina nan ina jiran sunana ya fito a bautar ƙasa. Na zaɓi in rubuto ne domin a waya harshena yakan sarƙe, kuma kin san gidanmu, ba a yin waya a ɓoye.

Na san kin ji cewa ƙanena Zayyad da abokansa za su ratsa jihar Kano a kan keke, daga arewacinta har duwatsun Doguwa. Abin da ba ki ji ba shi ne wanda ya tsara musu hanyar. Ni ce, Gwaggo. Shi ya same ni, ya ce tunda labarin ƙasa na karanta a jami'a in taimaka masa. Taswirar waya takan nuna hanya, amma ba ta faɗin inda yashi yake cin taya ko garin da babu mai faci. Don haka na yi ta kiran 'yan uwa mata da suka yi aure a garuruwan nan, su tambayi mazansu, ni kuma in gwada maganar wannan da ta wancan har su dace. Ni na roƙi Kawu Isa su kwana a gidansa a Badafi, don na san in suka wuce Kiru ba su leƙa shi ba, sai an shekara ana ba shi haƙuri.

Ranar da Zayyad ya yi wa Baba da abokansa bayani a zaure, ni na kai musu ruwa. Ina juyowa na ji Baba yana cewa ashe yaron nan akwai kai. Ba zan yi wa Zayyad ƙazafi ba: bai ce shi ya tsara ba. Amma bai ce ba shi ba ne. Tun daga ranar wani abu ya tsaya mini a ƙirji, kuma na san sunansa, ƙyashi ne. Kullum da safe sai su sa riguna iri ɗaya da hular kwano su tafi gwaji wajen Tiga, ya dawo yana ba Umma labarin ruwa da iska. Ni da na san sunan kowane ƙauye a hanyar nan ban taɓa wuce Kwanar Dangora ta wajen kudu ba. Kuma ni na koya masa keke a ƙofar gida, ina riƙe masa sirdi yana kuka, kafin a ce na girma in daina hawa. Ina yin istigfari, amma da na ji ƙararrawar kekensa sai abin ya dawo sabo.

A makon jiya abokinsa Khalifa ya ce hanyar burjin da na zaɓa musu zuwa Tudun Wada zagaye ce, su miƙe kan kwalta kawai daga Kwanar Dangora. Zayyad ya yarda bai tambaye ni ba. Ni kuwa ba don nishaɗi na kauce wa kwaltar ba. Kaka ce, Gwaggo, kin san mutanenmu: bakin titi ya zama wurin shanya, shinkafa da masara a baje, an jera duwatsu ana tare su. Mai keke ba shi da wurin bi sai gefen nan. Ko dai ya taka abincin mutane a tashi rigima, ko ya faɗa tsakiyar titi gaban manyan motoci. Zuciyata ta ce in bar su su je su gani. Ban iya ba, ƙanena ne. Kafin la'asar na kira shi na yi masa bayani. Da muka zauna cin tuwo sai ya gaya wa Baba wai sun sake tunani saboda shanya, Baba ya sake sa masa albarka. Umma ta dube ni ta ƙara mini miya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka na ba shi sauran tsarin, har na dajin Falgore: su shiga da safe, su tafi a haɗe, kada kowa ya tsaya ɗaukar hoto. Daga nan na roƙi Baba ya bar ni in hau mota in riga su zuwa Doguwa. Dariya ya yi, ya ce, “Me 'ya mace za ta yi a bayan masu keke?” Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ga abin da nake roƙo. Zulaihat ta Inna Hasana ta haihu a Doguwa, tana wankan jego, kuma har yau babu wanda ya je barka daga gidanmu saboda aikin kaka. Na tabbatar da wannan daga bakin Inna kanta, don kada in sa ki faɗin abin da ba haka ba. Baba ba ya musa miki, ke kika goye shi. Don Allah ki kira shi kafin Juma'a mai zuwa, domin washegarinta za su tashi. Ki ce kina so a kai barkarki, kuma kayan mai jego ba a ɗaura wa samari a bayan keke, hannun mace ke kai su. Ba na neman a ambaci sunana a zaure, na haƙura da wannan. So nake in zauna kusa da tagar mota in ga hanyar da idona, in ga ko gangaren da na ce musu su yi hattara da shi yana nan inda na ce. Gani ya kori ji.

Ki gaishe mini da Baba Labaran, da Aisha Humaira, da Mujitaba. Umma da Baba suna gaishe ku, Zayyad ma ya ce in gaishe ki, bai san abin da nake rubutawa ba. Allah Ya ƙara girma, Ya sada mu da alheri.

'Yarki mai jiran ta ji wayar Baba ta yi ƙara,
Sumayya