Baba, Kukar Bakin Dam Ta Faɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, da fatan Allah ya kai haske kabarinka. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa da yawan ambatonka.

Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma kai kaɗai ne za ka gane nauyinta.

Ka tuna tafiyarmu ta kowace bazara, idan ruwan dam ya ja baya? Tsohuwar a-kori-kurar nan taka da kake kira Amarya, wadda rabin hanya mu muke tura ta, kai kana ciki kana yabon injinta. Mu tashi daga Mafara mu biya Bakura mu ɗauki Gwaggo, ƙanwarka, da kwanukanta kamar mai ƙaura, sannan mu juyo mu nufi Maradun. Kwalta ta ƙare, mu shiga tsakanin duwatsu, mu a baya muna ta karo da buhun gero.

A gindin wata kuka muke sauka, a bakin ruwa. Ka ɗaure tamfol daga jikin mota zuwa reshe, ka ce ga gida. Masunta su ba mu kifi mu gasa, matan Fulanin rugar da ke bayan tudu su kawo kindirmo. Har yau ban ƙara cin abin da ya kai wannan daɗi ba.

Sai da na yi wayo na gane ba yawon shan iska kake kai mu ba. Ƙauyen da aka haife ka yana ƙarƙashin ruwan nan, da kabarin mahaifiyarka. Da hantsi sai ka jingina bayanka da kukar, ka miƙa hannu saitin wata tsaga a dutsen tsallake, ka ce, “Ku diba, tsakanin kukar ga da tsagar can, nan Innata take kwance.” Mu ɗaga hannu mu yi mata addu’a. Gwaggo tana share hawaye da bakin gyale, ni kuwa hankalina yana kan sauran kifi.

Tun rasuwarka ban koma ba. Hanyar ta lalace, Baba, ba ta ramuka nake nufi ba. Rugar ta tashi, ba mai kwana a daji yanzu, ko da rana ma sai an yi tambaya kafin a bi.

Bana da aka ce an ɗan samu sauƙi, na ɗauki ɗiyata Hajiya, wadda ka sa wa sunan mahaifiyarka, muka je da niyyar juyowa kafin la’asar. Dutsen yana nan da tsagarsa. Kukar ce babu. Wani masunci ya ce ta faɗi da daɗewa, kuma ka san kuka, ruɓewa take yi ba ta barin kututture. Na yi sama, na yi ƙasa a gaɓar, ko’ina iri ɗaya. Gwaggo da zan tambaya ta bi ka bara.

Hajiya ta riƙe hannuna tana tambayar ina takwararta take. Na miƙa hannu kamar yadda kake yi, na nuna mata wani wuri a kan ruwa. Ta ɗaga hannuwanta ta yi addu’a da dukan zuciyarta. Ban sani ba ko nan ne, Baba. Na yi kewarka a wurin nan fiye da ranar da muka kai ka makwancinka.

Allah ya san inda take, ya isar mata da addu’ar. Allah ya gafarta maka, ya haɗa ka da Innarka a inda ba a neman kowa a rasa. Amin.

Ɗanka mai tura Amarya,
Bello