Hoton da Ba Wanda Ya Kushe

Smolyan, 9 ga Oktoba

Zuwa ga matata Tsvetana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Italiya. Ya ciwon bayan naki? Ni jiki ƙalau, amma tun ranar Alhamis na kasa zama wuri ɗaya.

Kin san tsarin ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto. A jingina hoto a allo ba suna, kowa ya faɗi aibinsa, mai shi ya ja bakinsa ya yi shiru. Shekara ashirin da shida muna haka. A ɗakin nan abokina Blagoy ya taɓa cewa hoton tafkina ruwan wanke-wanke ne. Na yi wata ban gaishe shi ba, sannan na koma tafkin na ga gaskiyarsa.

To, Alhamis aka ɗora hoton tsaunin Perelik da hantsi. Wa ke hawa can da kyamara in ba Blagoy ba? Tsveta, hoton dishi-dishi ne daga ƙasa har ƙololuwa, kuma a karkace. Raɗe-raɗin da ake yi a kan idonsa ya tabbata. Sai Rumyana mai kantin magani ta ce launin ya yi daɗi, kowa ya bi ta. Da aka zo kaina, ni da suke kira Almakashi saboda kaifin sukata, na ce ban ga abin gyara ba.

In ke ce, me za ki yi? Ki amsa da wuri.

Mijinki,
Zdravko

Smolyan, 30 ga Oktoba

Tsveta tawa,

Ina gaida ki, ya aiki, ya kewar gida? Wasiƙarki ta iso. Kin ce ni matsoraci ne, na karɓa. Amma faɗa daga nesa ba wuya.

Blagoy ya sake kawo wani hoton, na kwarin da ke bayan ƙauyensu. Wannan ya fi na farko lalacewa, mu kuma muka fi na farko yabo. Har wani ya ce a aika shi baje kolin Plovdiv! Sai Blagoy ya karya dokar da shi ya kafa. Ya miƙe ya sauke hotonsa, ya ce, "Shekara nawa kuna yanka ni a ɗakin nan, yau an rasa mai wuƙa? Ashe na mutu ba a gaya min ba." Ya sa hularsa ya fita.

Alhamis biyu ke nan bai zo ba, kuma ba ya ɗaukar waya. Sau uku ina zuwa bakin titinsu in juyo. Na ɗora miyar wake na manta ta a wuta, tukunyarki mai murfin ja ta ƙone, ki yafe min. Tsoro nake ji, Tsveta. In na faɗi gaskiya na raba shi da kyamara, in na yi shiru na rasa shi gaba ɗaya.

Naki kullum,
Zdravko

Smolyan, 6 ga Nuwamba

Matata abar ƙauna,

Fatan kina lafiya. Nan dusar ƙanƙara ta sauka a kan tsaunuka, ki riƙa sa rigar sanyi.

Jiya na je gidan Blagoy. Na same shi a kicin, kyamarar na cikin jaka a saman kabad. Ko kujera bai ba ni ba. Ya ce in ta'aziyya na zo, ya gode, ga hanya. Na ce hoton kwarin na zo gani, don ban gama da shi ba.

Na shimfiɗa shi a tebur na fara. Na ce sararin sama ya cinye rabin hoton a banza. Ya ce jahilci ne ke damuna. Na ce ya makara, rana ta riga ta wanke duwatsun. Ya buga tebur ya ce tun ina goye yake sanin haske, alhali shekara biyu ya ba ni. Da kin ga yadda fuskarsa ta dawo! Ya zuba mana barasar rakiya yana zagina.

Sai na ce, wannan busasshiyar bishiyar kuma da ta raba hoton biyu, ko ɗan koyo ba zai bar ta ba.

Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa takardar, ya daɗe. Ya ce, "Akwai bishiya a ciki?"

Na ce akwai. Na kama yatsansa na bi da shi a kanta, daga saiwa har sama.

Ya gyara zama ya ce, "Ci gaba, Almakashi. Kada ka tsallake ko ɗaya."

Ban tsallake ba, Tsveta. Sai da na fito titi na yi kukan.

Mijinki mai kewarki,
Zdravko